Za a yi ƙuri'ar raba gardama a ƙasarmu: in je in jefa "a'a" ko in zauna gida?

Maman Ikram: Assalamu alaikum. An sa ranar ƙuri'a kan sabon kundin tsarin mulki. Abin da ya tsaya mini shi ne sashen da zai sa a fara ƙirga wa'adin shugaba daga farko. Jam'iyyar maigidana ta ce a ƙaurace, ni kuwa ina ganin in ban je ba wani zai cike gurbina. Rajistata tana nesa, sai na yi tafiya. Wanda ya taɓa gani ya ba ni shawara.

Sarkin Yawo: Hajiya ki zaɓi "eh" kawai, ƙasa na son zaman lafiya.

Dattijo58: 'Yata, ni ɗan Nijar ne. 1992, 1996, 1999, 2009, 2010, duk an kira mu, duk "eh" ta ci. Ina kundayen yau? Ta 2009 ce ta ƙona ni. Shugaba Tandja ya rusa majalisa, kotun tsarin mulki ta ce ba ya da hurumi, ya rusa ta ita ma, ranar 4 ga Agusta aka yi ƙuri'ar ta-zarce don ƙara masa shekara 3. Ni na ƙaurace, ƙanena kuma yana cikin masu kamfen. Har wajen sunan jikata bai taka ba. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji suka kawar da komai, kundin bai ko shekara ba. Ƙanen nan ya rasu ba mu shirya ba.

Maman Ikram: Allah ya jiƙansa Baba.

Malam Lissafi: Amin. Amma Baba, sakamakon hukuma ya nuna kashi 68 sun fito, kashi 92 suka amince.

Dattijo58: A takarda. Rumfar da ke ƙofar gidana, ma'aikata gyangyaɗi suka wuni yi.

Hadizan Baba: A namu yankin kuwa layi har bakin titi. Kowa da abin da ya gani.

Malam Lissafi: Shi ya sa ƙauracewa asara ce. A Kenya a 2005 mutane sun fito, "a'a" ta kayar da daftarin gwamnatin Kibaki. Alamar "eh" ayaba, ta "a'a" lemo.

Sarkin Yawo: To ni da nake son duka biyun fa? 😂

Hadizan Baba: Malam, ka taɓa tsayawa layin raba gardama kuwa? Ku a Najeriya ba a taɓa tambayarku kan kundin 1999 ba, gwamnatin Abdulsalami ce ta kafa shi da dokar soja.

Malam Lissafi: Sai wanda ya taɓa jefawa ne zai yi magana? A Gini a 2020 'yan adawa sun ƙaurace wa ƙuri'ar raba gardama, shugaba Alpha Condé ya samu wa'adi na uku.

Dattijo58: Ka ƙarasa mana. 2021 sojoji suka ɗauke shi.

Hadizan Baba: Ni abin da ke ci mini rai, daftarin da Faransanci ake fitar da shi. Mahaifiyata ta dangwala wa abin da ba wanda ya taɓa karanta mata.

Sarkin Yawo: Mu namu na Turanci wa ya karanta? Katin zaɓena ma da shi nake cire kuɗi.

Maman Ikram: Jama'a, in je ko kar in je?

Hadizan Baba: Rediyo ma sai sashen da suke so suke fassarawa.