Wayo ne ko hankali? Rigimar iyaye kan makin Khalifa

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar. Tunda Khalifa ya shiga sakandare bai taɓa wuce na uku a ajinsu ba. Ga sakamakon JAMB ya fito, 187 cikin 400. Ɗan maƙwabcina da kullum yake tsakiyar aji ya kawo 251. Na taka har makarantar, malamar ajinsu ta ce ba ƙwaƙwalwa ce matsalarsa ba. Wai shi ya faɗa mata kwamfutarsa ta ɗan tsaya, tambaya biyu suka gagare shi, daga nan ya rikice har lokaci ya ƙare. Wai ko a aji in an gyara masa kuskure sai ya kumbura, ba ya tambaya, ba ya karatu da kowa. Ni abin da na gano, yaranmu na Ikko muna ɗura musu karatu amma ba su da wayon riƙe zuciya, kuma wallahi wannan ya fi kaifin ƙwaƙwalwa amfani a makaranta. Mai ja ya ja.

Maman Ummi: Allah ya sa haka ne mafi alheri, Alhaji. Amma wayo kuma? Ni dai kada wanda ya koya wa 'yata wayo.

Ɗan Idi-Araba: Hajiya ta yi gaskiya. Ka je Oshodi ka ce wa kwandasta mai wayo ne, ka ga ko ba zai ci kwalarka ba. A garin nan wayo damfara ce.

Basakkwace: Wanga lalacewar Hausa ta ta 'yan Ikko. Mu da munka tashi gida, in anka ce yaro ya yi wayo, hankali ya yi. Masu buroka sun ari kalma sun ɓata, ku kun bi su.

Ɗan Agege: "Mu da munka tashi gida." Mu a daji muka tashi ke nan? Baba, da girmanka. Kakana a Agege aka haife shi, tun zamanin fataucin goro muke nan. Kai da ka sauka daga tirela shekaranjiya za ka koya mana Hausa?

Basakkwace: Shekarata 19 Alaba Rago, yaro. Kuma ba tirela ta kawo ni ba.

Anti Malama: Don Allah mu koma kan yaron. Abin da malamarsa take nufi yana da tushe, shi ne ake kira emotional intelligence a Turance. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Peter Salovey da John Mayer, suka fayyace shi a 1990, sannan Daniel Goleman ya yayata shi da littafinsa a 1995. A taƙaice, yaro ya gane abin da yake ji a ransa, ya iya lallashin kansa, ya kuma karanci na kusa da shi. Ina ganinsa kullum a aji. Yarinyar da ta faɗi gwaji ta zo ta ce Anti nuna min inda na kauce, ita ce take wucewa a zango na gaba. Wanda ya yaga takardar ya cusa a jaka, nan zan sake samunsa. Amma Alhaji, "ya fi ƙwaƙwalwa" ɗin nan ka yi sauri. A 2020 an tattara bincike da yawa wuri guda, aka ga yana taimakawa, sai dai a bayan kaifin ƙwaƙwalwa da naci yake zuwa.

Ɗan Idi-Araba: To Anti, shi wannan abin wayo ne ko ba wayo ba?

Anti Malama: Ka kira shi yadda ka so.

Ɗan Idi-Araba: Kin gudu ke nan.

Ustaz: Mu ba mu jira 1995 ba. Yana cikin Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya ce ƙaƙƙarfa ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, ƙaƙƙarfa shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Sunansa haƙuri, ba wayo ba. Ku cire yara daga Islamiyya da zarar sun shiga ajin ƙarshe wai za su yi lesin, sannan ku zo kuna kuka.

Baban Khalifa: Khalifa ya sauke tun yana shekara 14, Ustaz. Ban cire shi ba.

Maman Ummi: Haƙurin nan ne ya kashe mu. Ummi ta yi wata uku wata yarinya tana ƙwace mata kuɗin tara, ba ta faɗa ba, wai haƙuri. Sai da na ga ta rame. Yaron da ba ya buɗe baki a makarantar Legas ai an gama da shi.

Ustaz: Wannan tsoro ne Hajiya, ba haƙuri ba.

Alhajin Mile 12: Ni na ji an yi gwaji da alewa. A ba yaro ɗaya, a ce in ya jira za a ƙara masa. Duk waɗanda suka jira sun zama manyan mutane.

Anti Malama: Walter Mischel ne a Jami'ar Stanford, kuma ba a ce duk ba. Da aka sake dubawa a 2018 da yara sama da 900, aka lura da halin gidajensu, yawancin bambancin ya zube. Yaron da ya saba in an ce gobe to goben ce, shi ke iya jira.

Alhajin Mile 12: Wato 'ya'yan talakawa ba su da haƙuri? Ni da kwandon tumatir na fara a kaina.

Anti Malama: Ba haka na ce ba, Alhaji.

Basakkwace: Duk dogon turanci na. Dorina ita ad da magani. Tunda gwamnatin Legas ta hana duka makarantunta yara sunka lalace.

Ɗan Agege: Dorinar ce ta sa kake rubuta "na" a inda ake "ne"?

Basakkwace: Hausar Shehu ce, marar kunya.

Maman Ummi: A bar sa sunan Shehu a faɗan yara.

Ɗan Idi-Araba: Ustaz, tsakani da Allah, ba tallar Islamiyyarka kake ba? Na ji an ƙara kuɗin wata.

Ustaz: Haya kake biya mana? Allah ya isa da ƙazafi.

Baban Khalifa: Jama'a ni tambayata, yanzu me zan yi wa yaron kafin ya sake zama? Tun jiya bai fito daga ɗaki ba.

Ɗan Agege: Sai Baba ya janye maganar "gida" tukuna.

Shugaban zaure: To, ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da aka cimma. An yarda cewa wayo kalma ce ta Hausa mai kyau, masu cewa damfara ce zaman Ikko ne ya yi musu yawa. An yarda haƙuri shi ne gaba da komai kamar yadda Ustaz ya kawo hujja, binciken Turawa kuma ita kanta Malama ta ce ya rushe. Maganar duka, mu da aka daka ga mu nan lafiya lau. Ɗan Agege ya nemi afuwar Malam Basakkwace, don sa'an mahaifinsa ne, kuma ɗan garinmu ne na san shi ba ya ƙarya. Masu son sa yara a darasin yamma na ƙanena su same ni ta gefe.

Anti Malama: Ban ce ya rushe ba. Alhaji, ka kira ni da safe, kuma ka kai masa abinci da kanka, kada ka ambaci ɗan maƙwabci.

Ɗan Agege: Wa ya yarda? Ni ban yarda ba.