Zaren da na rina da zoɓo ya wanke tas, a ina na kuskure?

Maman Biyu, Mabera

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina saƙar kwarashi, hulunan jarirai da safa da ɗan abin lulluɓi. Ƙanwata na da tsohon ciki, sai na ci burin kayan da zan kai ranar suna ni zan rina zarensu da hannuna, don na kasuwa ya cika ƙyalli, ni kuwa ja mai duhu nake so. Na sayo farin ulu ƙulli huɗu a Babbar Kasuwa, na tafasa zoɓo rabin kwano har ruwan ya yi kauri, na tsoma zaren ya kwana ciki. Da asuba da na ɗago shi, don kyau sai da na kira maigida ya gani. Amma ina zuba masa ruwa jan ya bi rariya, da na sa sabulu kuwa ɗan abin da ya rage ya koma toka-toka. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Gishiri ne ban sa ba, ko dafuwar ce ba ta isa ba? Saura wata guda haihuwar.

Inna Mai Saƙa, Runjin Sambo

Wa alaikumus salam ɗiyata. Ba gishiri ba ne. Kafin komai, tsinki ɗan guntun zaren ki riƙe da almakashi ki kara masa ashana. In ya narke ya dunƙule baƙi ƙirin da tauri, to roba ce, kuma mafi yawan abin da muke kira ulu a kasuwa haka yake. Ko shekara ya yi a tukunya ba zai sha rinin ganye ba. Auduga kuwa ci take da wuta kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Ulun gaske warin ƙonannen gashi yake.

Na biyu, zoɓo a kofi ya fi amfani. Ko a auduga bai zama, da ya haɗu da sabulu ko kanwa sai ya juya, abin da kika gani ke nan.

Nemi zaren auduga. Warware shi ki naɗe a bayan kujera, ki ɗaure shi sako-sako wuri huɗu don kar ya harɗe. Dafa shi awa guda da sabulu da 'yar kanwa. Za ki ga ruwan ya yi ɗorawa, maiƙon da ke hana rini shiga ke fita. Daga nan ki daka bagaruwa, wadda majema ke jima da ita, ki jiƙa, ki tace, zaren ya kwana ciki. Washegari sai ruwan alif mai ɗumi, cokali babba ɗaya ga zare giram 100, shi ma ya kwana. Bayan wannan ne ake maganar launi. Ni ɓawon albasa na fi so, ga shi Allah ya hore mana ita a ƙasar nan. Duk lokacin da na je kasuwar Kara nakan roƙi masu albasa su bar ni in tsince busasshen ɓawon da ke gindin buhuna. Ruwan zuma yake bayarwa, wani sa'in har ya ɗauki ja-ja. Hular jikana ta fari da shi na yi, an wanke ta ba adadi, tana nan da launinta.

Ɗan Gidan Marina

Hajiya, abin da Inna ta faɗa haka yake. Tunda ja kike so, ki tambayi karan dafi, wato jan ɓawon karan wata irin dawa, wurin masu kayan dukanci ko masu maganin gargajiya. Da shi dukawan Sakkwato ke rina fatar akuya ja, ana jiƙa shi da ruwan kanwa jan ya fito. A auduga yakan karkata zuwa jan ƙasa, don haka ki fara gwadawa da ɗan kaɗan.

Shuɗi dai ban ba ki shawarar haɗa shi a gida yanzu ba. Kakana marini ne, na tashi ina ganin ana zuba baba, ganyen rinin shuɗi, da toka da katsi, wato gurɓin tsohon rini, a ramin karofi, a yi kwanaki ana motsawa kafin ya nuna. Baba ba ya bukatar alif, amma zare kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska ya zama shuɗi, a sake tsomawa, a sake ɗagawa. In kina son shuɗin, kai wa marina zarenki ya fi miki sauƙi.

Anti Nas, Arkilla

Don Allah ki ware tukunya da muciya na rini kaɗai, kar su koma madafa. Ta ƙarfe mai tsatsa kuma in ta haɗu da bagaruwa baƙi-baƙi za ta mayar miki da zaren. Ki shanya a inuwa. Na taɓa yi da kurkur na baza a tsakar gida cikin zafin Afrilu, kwana biyu ya koɗe. Tunda na jariri ne, ki yi ta ɗauraya har ruwan ya fita garau.

Maman Biyu, Mabera

Inna, na ƙona yanzun nan, ya narke ya manne a bakin almakashi. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Farin ulun zan yi safa da shi haka nan. Gobe in Allah ya kai mu zan nemo na auduga da bagaruwa da karan dafi. Inna, ɓawon albasar kamar kwano nawa zai ishi ƙulli huɗu, kuma a tace shi ake kafin a sa zaren?