Gwajin tsaga biyu na masanin kimiyya Thomas Young: me ya sa layukan ba sa fitowa?

Malamin Fizik, Kawo:
Assalamu alaikum. An yanka tsaga biyu da reza a takardar alminiyam, tazararsu kusan milimita 1, allo yana nesa da mita 1, ana haskawa da tocila. Ɗalibai ba sa ganin komai sai dunƙulen haske, maimakon layukan haske da duhu da ya kamata su fito a allo. Ina matsalar take?

Dakta, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam, Malam. Matsala biyu ce. Tocila tana fitar da launuka da yawa daga wuri mai faɗi, kowane ɓangarenta na zana nasa layukan, sai su shafe juna. Ka nemi jar leza irin ta nuni, tsawon zangonta (wato tsawon igiyar haskenta guda) kusan nanomita 650, wato milimita 0.00065.

Ta biyun ta fi muhimmanci, kuma lissafi ne ya kamata a yi kafin a taɓa reza. Tazarar layuka ita ce tsawon zango sau nisan allo, a raba da tazarar tsagogin. Da naka ma'aunin, ko da leza, milimita 0.65 za ka samu, ido ba zai rarrabe su daga kujerar aji ba. Mayar da tazarar milimita 0.25, allo mita 2: ka samu milimita 5.2, wanda rula ma za ta auna. A auna daga layi na farko zuwa na shida a raba biyar, kada a auna guda ɗaya.

Mai kula da ɗakin gwaji, Tudun Wada:
Ranka ya daɗe, bar alminiyam ɗin, bakinsa yana yagewa. Shafa wa siririn gilashi hayaƙin kyandir har ya yi baƙi ƙirin, haɗa reza biyu sababbi ka matse su, ka ja sau ɗaya tak. Kaurin reza kusan milimita 0.1 ne, shi zai zama tazararka. A manne lezar da tef a kan bulo, don hannu yana rawa. A rufe tagogi.

Malama, Barnawa:
Ƙari a kan bayanin Dakta: idan layukan suka fito za ka ga na gefe suna dusashewa, wasu ma su ɓace. Faɗin kowace tsaga ne ke jawo haka. In tazarar ta ninka faɗin sau uku, layi na uku a kowane gefen layin tsakiya ba zai bayyana ba. Wannan wurin ya cancanci darasi guda, domin a nan ɗalibai ke rikicewa.

In za ka gwada da faifan CD, sahun ramukansa na jere da tazarar maikuromita 1.6 (milimita 0.0016), layin haske na farko a gefen na tsakiya zai karkata kusan digiri 24. Wancan gajeren lissafin na Dakta ba ya aiki a kusurwa mai girma haka, sai da sain (sine) na kusurwar.

Don Allah a tsaya kan leza mai ƙarfin ƙasa da miliwat 1. Koriyar mai araha takan zubo hasken da ido ba ya gani amma yana illa, kada a ba yara ita.