Wace Hausa za mu yi wa "sistolik" da "dayastolik"?

Mai fassara, Unguwar Rimi: Assalamu alaikum. Ana shirya takardar wayar da kai da za a raba ranar 17 ga Mayu, ranar hawan jini ta duniya, za kuma a karanta ta a rediyo. Sunan ciwon dai ba gardama, kowa ya san hawan jini. Inda aka cije shi ne lambobin nan biyu, kamar 120/80. Turawa na kiran ta farko sistolik, ta biyu dayastolik, a asibitocinmu kuma "ta sama" da "ta ƙasa" ake cewa. A bar su haka, ko akwai abin da ya fi?

Malamar jinya, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Malam, a kan katin asibiti "ta sama da ta ƙasa" ba ta da laifi, don lamba biyu ake rubutawa. Matsalar tana ga na'urar batir da mutane ke saya a kemis. Ita lamba uku take jerowa, kuma ta can ƙasa bugun zuciya ne a minti ɗaya. Sai na'ura ta nuna 150, 100, 78, a tambayi mutum nawa ce ta ƙasa, ya ce 78, hankalinsa kwance, alhali 100 ce ake nufi. Sunan da ya dogara da inda lamba take a gilashi ba zai fisshe mu ba.

Likita, Kawo: Gaskiyar Sista. To a koma ga abin da ake aunawa. Duk sanda zuciya ta matse, sai ta tura jini cikin jijiyoyi, ƙarfin da jinin ke yi wa bangon jijiya ya kai ƙololuwa: shi ne sistolik. Kafin bugu na gaba zuciya tana sassautawa tana cika, ƙarfin ya ragu amma ba ya komawa sifili: shi ne dayastolik. Da na'urar hannu ana jin su da kunne. A hura ɗamarar da aka ɗaura a damtse har jini ya tsaya, a riƙa sakin iska a hankali, abin sauraro yana kan gwiwar hannu ta ciki. Inda aka fara jin ƙwanƙwasa ita ce lamba ta farko, inda sautin ya ɓace ita ce ta biyu. Wani likitan Rasha, Korotkoff, shi ya bayyana wannan a 1905. Ina ba da shawarar "matsin bugu" da "matsin hutu".

Malamar jinya: Likita, da ka sa "bugu" mun koma gidan jiya. Bugun zuciya ya riga ya zama sunan lamba ta uku.

Malamin Hausa, Zariya: Ni kuma "matsi" ne bai kwanta mini ba. Bahaushe in ya ji matsi, matsin rayuwa ne ke zo masa, ga shi dama an ɗauka tunani da ɓacin rai kaɗai ke kawo hawan jini, har mai kuɗi da kwanciyar hankali ya ce shi ba ruwansa da awo. Abin da ke bakin mutane shi ne "na je awo", "an auna jinina". A gina a kan "awo". Likita da bakinsa ya ce zuciya tana tura jini, to ga "awon turi". Na biyun kuwa, tunda ta sassauta, "awon saki".

Mai harhaɗa magunguna, Kakuri: Allah ya gafarta Malam, ranar da aka ce wa matan awon ciki "awon sakinki ya hau", ba mai sauraron sauran bayanin. Turi dai ya yi.

Likita: Na janye "hutu" ma, don zuciya ba hutawa take ba, a lokacin ne take cika, a lokacin ne kuma jijiyoyinta na kanta suka fi samun jini. Abin da ba ya canzawa shi ne awon na tsakanin bugu da bugu ne. Me zai hana "awon tsakani"? A na'urar batir ma ita ce lambar tsakiya.

Abin da nake so takardar ta fito da shi ƙarara: kowace ɗaya ta hau, hawan jini ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce turi 140 ko fiye, ko tsakani 90 ko fiye, a ranaku biyu daban. "Ko" aka ce, ba "da" ba. Dattijo jijiyoyinsa sun yi tauri, kamar tsohon tiyo da ya daina buɗawa in ruwa ya taho da ƙarfi, shi ya sa za ka ga 170/75. 'Ya'yansa su ce ai ta biyun lafiya lau, su bar shi, ga shi 170 ɗin ce ke kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki. Masu ƙananan shekaru kuma sau da yawa ta tsakanin ce ke fara hawa, kamar 132/96. In an auna a gida, iyakar ta ɗan sauko zuwa 135/85. In kuwa aka ga 180/120, musamman da ciwon ƙirji, ko hazo a ido, ko nauyin baki, ko mutuwar hannu, asibiti za a nufa a take.

Malamar jinya: A saka yadda ake awon, don lambar ƙarya ta fi rashin suna illa. Rabin awa kafin awo ba goro, ba kofi, ba taba. A yi fitsari tukuna. A zauna minti 5, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji. Ɗamara a kan fata, ba a kan hannun riga ko hijabi ba, kamar yatsa biyu sama da gwiwar hannu. In damtse babba ne ɗamara ƙarama, lamba za ta hau ba gaira ba dalili. Ba magana har a gama. A yi sau biyu, minti ɗaya ko biyu tsakani, a rubuta duka. Mai ciki da ta wuce mako 20 in ta ga 140/90 kada ta jira ranar awonta, don daga nan jijjiga ke farawa.

Mai harhaɗa magunguna: Daga wajenmu, abu biyu ne ke dawo da lamba sama. Na ɗaya ajiye magani. Mutum ya ga 125/80 ya ce ya warke, bai san maganin ne ya riƙe ta a nan ba. Wani kuma cikin magungunan hawan jinin, amlodipine ya kumbura masa idon sawu, ko lisinopril ya sa shi busasshen tari, sai ya daina bai gaya wa kowa ba, alhali canza masa kawai za a yi. Lisinopril ɗin ma mai ciki ba ta shan sa. Na biyu abin da ke shiga baki: diclofenac da ibuprofen na ciwon jiki suna ɗaga jini suna wahalar da ƙoda. Gishiri kuma kada ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da ɗunƙulen miya, da kanwar da ake jefa wa wake da kuka, da yajin tsire.

Malamin Hausa: Tsorona ɗaya, kada a ji "tsakani" a ɗauka matsakaici ne, wato ba yabo ba fallasa. Maganinsa, a karon farko a faɗe shi cikakke: awon tsakanin bugu.

Mai fassara: Madalla. Ga yadda zai shiga takarda, a gyara mini: "Na'ura tana nuna lamba uku. Ta farko awon turi, ta biyu awon tsakanin bugu, ta uku bugun zuciya. Idan awon turi ya kai 140, ko awon tsakani ya kai 90, a sake aunawa wata rana. Idan bai sauka ba, a ga likita ko da ba a jin ciwon komai."

Likita: Ya yi. Sai dai a ƙara layin 180/120 da na masu ciki a ƙarƙashinsa, da manyan baƙaƙe.