Me za mu kira "clubbing" da Hausa?

Mai tambaya: Malamai, ana neman kalma ɗaya da za ta ɗauki ma'anar "clubbing", wato fita da dare zuwa wurin da ake kiɗa da rawa har asuba. "Zuwa kulob" ya isa?

Mai fassarar labarai: Bai isa ba, ɗan'uwa. A kunnen Bahaushe kulob na ƙwallo ne. Ka ce wane ɗan kulob ne, sai a tambaye ka lamba nawa yake bugawa. Wurin dai sunansa gidan rawa, kuma ya zauna a aikin jarida: "An kashe mutum 39 a harin gidan rawa na Reina a Istanbul ranar 1 ga Janairun 2017." Wuyar tana wajen yadda za a faɗi zuwa wurin. Idan sau ɗaya ne, "ya je gidan rawa". Idan ɗabi'a ce, a sa jam'i: "yana yawon gidajen rawa".

Malamar Hausa: Na yarda, amma a kula da "yawo". Kada a gajarta shi zuwa "yawon dare", don wannan zargi ne, ana jingina shi ga ɓarawo ko mace mai zaman kanta. Ka rubuta shi a kan wani, ka ja wa kanka ƙara. "Holewa" kuwa ta yi faɗi, har mai shan rake a inuwa holewa yake. "Sharholiya" hukunci ce, ta dace da wa'azi, ba rahoto ba.

Mai tambaya: To gala fa, Malama?

Malamar Hausa: Daban take. A gidan gala ka biya kuɗin ƙofa ka zauna, 'yan rawa na kan dandamali, kai naka kallo da liƙi. A gidan rawa DJ ne ke sa kiɗa, wanda ya biya kuɗin ƙofa kuwa shi ke taka rawar. Mashaya kuma sha ne gaba, ko da kiɗa ko babu.

Wani daga Damagaram: Mu nan "bwat" matasa ke cewa, daga Faransanci, Bakano ba zai gane ba. Amma "casu" kowa ya san shi.

Mai fassarar labarai: Shi ke nan. A hira da fassarar fim, "fita casu": "Yau Asabar, za mu fita casu." Sai dai casun biki ma casu ne, don haka inda za a rikice a ƙara "dare": casun dare. A labarai da takardun kotu, "zuwa gidan rawa".