Nukiliya ce za ta fitar da mu daga duhu ko sola? Zafafan ra'ayoyi

Injiniya Bala: Ni dai maganata ɗaya ce kuma ba zan janye ba, in Najeriya na son wutar da za ta tada masana'antu to nukiliya ce mafita, sola ta kallon ƙwallo ce da cajin waya. Tun 2017 aka sa hannu da Rosatom na Rasha, an ma ware wurare biyu, Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom, amma har yau ko bulo ɗaya ba a aza ba saboda ƴan siyasarmu sun fi son rabon fanel da fitilun titi da za a ɗauki hoto.

Hajiya Rabi: Injiniya a yi mana adalci mana, cajin waya kuma? Firiza biyu nake kunnawa da sola ina sayar da ƙanƙara, lokacin da aka lalata layin Shiroro a Oktoban 2024 arewa ta shiga duhu sama da mako guda har daga wasu unguwanni ake zuwa layi a ƙofar gidana.

Injiniya Bala: Hajiya Allah ya ƙara kasuwa, amma firiza daban injin masaƙa daban. Ki je Sharaɗa ko Bompai ki tambayi mai kamfanin roba ko zai narka roba da batir da ƙarfe biyun dare. Ke kanki ai kin san yadda inbata ke fara kuka kafin asuba in an yi kwana biyu ana hazo, ga ƙurar hunturu kullum sai an hau rufi an goge. Tashar nukiliya kuwa in ta tashi sai ta yi sama da shekara tana ba da wuta dare da rana kafin a tsayar da ita a canza makamashi. Ku duba Daular Larabawa, su da rana ta fi tamu zafi kuma ga mai ga gas, amma suka kira ƴan Koriya ta Kudu suka gina musu Barakah, an fara gini 2012, injina huɗu, megawat 5,600, yanzu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutarsu daga nan yake fitowa. Tashar nan guda ɗaya ta fi abin da mu ƙasar gaba ɗaya muke rabawa a yawancin ranaku.

Sadiq: Kai Yaya Bala 😂 ƙasar da ta kasa gama kamfanin ƙarfe na Ajaokuta tun zamanin Shagari ita ce za ka ba nukiliya? Tashar wutar ruwa ta Mambila fa? Megawat 3,050 a takarda, kakanninmu sun ji labarinta mu ma muna ji, sai shari'a a kotunan waje. Wallahi ranar da aka ce an kunna nukiliya a Kogi ni Agadez zan koma.

Issoufou Maradi: Ƙanena in ka zo Agadez ai wajen uwar abin ka zo, hhh. Mu a Nijar tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, an yi shekaru ana kai wa Faransa, su suna samun kusan kashi biyu cikin uku na wutarsu da nukiliya, mu kuma kafin 2023 yawancin wutarmu daga Najeriya muke saye, da aka yanke mana ita a Agustan 2023 bayan juyin mulki kowa ya ga halin da Yamai ta shiga. Abin haushi ma wutar da ake aikin haƙar da ita ta kwal ce, ta Sonichar. Shi ya sa ni zuciyata tana tare da Injiniya, arzikin a ƙasarmu yake me zai hana mu ci moriyarsa. Amma ku tambayi mutanen Akokan tsibin sharar haƙar yuraniyom da aka bar musu bayan rufe mahaƙar Cominak a 2021.

Dokta Amina: Malam Issoufou yuraniyom ɗin Arlit ba a zuba shi a tasha yadda yake, sai an kai waje an sarrafa an tace an mai da shi sanduna, kuma ƙasashe kaɗan ne ke wannan aikin, don haka ko an gina tasha a nan daga Rasha za a riƙa kawo makamashin. Sannan Sadiq ba wai ba mu san abin ba ne sam, a Zariya akwai ƙaramin injin nukiliya na bincike a cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana aiki tun 2004, kimanin kilowat 30 ne kawai, kuma ba a taɓa jin ya cutar da kowa a Samaru ba. Matsalata da maganar Injiniya ba tsoro ba ne, lissafi ne. Injin da Rasha ke sayarwa yanzu, irin wanda suke gina wa Masar a El Dabaa, guda ɗaya megawat 1,200 ne. Mu abin da layinmu ke ɗauka yana yawo tsakanin 4,000 da 5,000. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kada inji ɗaya ya wuce kamar kashi goma cikin ɗari na duk wutar da ke kan layi, domin in ya tsaya ba zato sauran su iya riƙewa. Namu zai kai kashi ɗaya cikin huɗu ko ma fiye, wato duk ranar da ya yi tari ƙasa gaba ɗaya ta mutu. Kuma abin da mutane ba sa lura da shi, ita tashar nukiliya ko an kashe ta tana buƙatar wuta daga waje don famfunan da ke sanyaya ta, abin da ya ci Fukushima ke nan a 2011, igiyar ruwa ta cinye janaretoci sanyaya ta tsaya. To layin da ke faɗuwa sau da yawa a shekara shi za a jingina wa wannan?

Injiniya Bala: Dokta na ji, to a gyara layin mana, ai shekara goma ake gini, kafin nan an faɗaɗa shi. Kuma akwai ƙananan injina da ake ƙerawa yanzu.

Dokta Amina: Da wane kuɗi Injiniya? Masar bashin dala biliyan 25 ta karɓa daga Rasha. Ko Amurka da ƙwarewarta injina biyu na Vogtle sun ci sama da dala biliyan 30 kuma sun makara da shekaru. Ƙananan da kake faɗa har yanzu waɗanda ke aiki a duniya ba su cika yatsun hannu ba.

Malam Habu: Yara ku bar ni in sa baki. Wannan rigimar ko a Turai ta jam'iyya ce fiye da ta injiniyoyi. Jamus Merkel ce ta yanke a rufe tashoshin nukiliya bayan Fukushima, ƴan jam'iyyar kare muhalli suka dage har aka kashe ukun ƙarshe a Afrilun 2023 ana tsakiyar tsadar gas saboda yaƙin Yukren, yanzu jam'iyyar Merkel ɗin ce ke cewa an yi kuskure. Maƙwabciyarsu Faransa kuma Macron cewa ya yi za a gina sababbi.

Hajiya Rabi: Yauwa Baba, amma Jamus ɗin ai sama da rabin wutarsu yanzu iska ce da rana da makamantansu, ƙasar da rana ke musu rowa, mu da take dukanmu tun bakwai na safe fa?

Injiniya Bala: Su in iska ta tsaya maƙwabta suke jawo wa wuta ta waya Hajiya, har da ta nukiliyar Faransa, ga gas ga kwal a ajiye. Mu wa za mu jawo wa, Nijar da ke jiranmu? Kuma masu yabon iska ku je Lambar Rimi a Katsina, megawat 10 kacal, tun zamanin Ƴar'aduwa ake fama, shekara nawa fankokin nan suka yi a tsaye.

Sadiq: To Yaya ka kashe kanka da kanka, wanda ya kasa juya fankokin megawat 10 shi zai juya injin megawat 1,200?

Injiniya Bala: Kai Sadiq ba da kai nake ba 😂

Dokta Amina: Ni abin da nake gani ya fi kusa da hannu shi ne haɗa rana da ruwa da gas. Zungeru megawat 700 an gama ta, ga Kainji ga Jebba ga Shiroro, da rana sola ta ɗauki nauyi a rage sakin ruwa, da dare a buɗe. Dokar wuta ta 2023 ta ba jihohi dama su yi tasu kasuwar, Kano na da tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso, irinta ashirin kusa da masu amfani ba sai an jira layin Shiroro ba. Bututun gas na AKK, daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, in ya iso shi zai riƙe masana'antun da Injiniya ke kuka a kansu.

Issoufou Maradi: In ya iso fa kika ce Dokta.

Malam Habu: Ni abin da ya tsaya min a rai, fadar shugaban ƙasa da kanta an ware mata naira biliyan 10 a kasafin 2025 don ta sa sola. Su da ke da layin a hannu sun gudu daga kansa, mu aka bar wa Band A, rukunin masu biyan kuɗin wuta mafi tsada.

Injiniya Bala: Baba su ofis ne da na'urar sanyaya ɗaki, ba ƙarfe suke narkawa ba. Dokta ki kawo min ƙasa ɗaya mai mutum miliyan 200 da ta tada masana'antu da fanel, in kin kawo na yi shiru.

Dokta Amina: Kai ma kawo min ɗaya da ta ɗora inji mai 1,200 a kan layi mai 5,000, ina nan ina jira.