Banki zai yi gwanjon gidan da muke haya, ina mafita?

Telan Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Jiya bayan la'asar wasu mutum biyu suka zo da jan fenti, suka rubuta a bangon zaure wai gidan yana hannun banki. Ashe Alhajin da muke haya a wajensa ya jinginar da takardun gidan ya ci bashi, kasuwar hatsi kuma ta juya masa baya. Ni kuwa bayan Babbar Sallah na biya kuɗin shekara cif, ga shagona a jikin gidan, keken ɗinki uku a ciki. Wayar Alhaji a kashe. Don Allah masu sani, za su iya watso mana kaya waje?

Baban Hafsa:
Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, fenti ba umarnin kotu ba ne. Da banki da wanda zai saya, babu mai ikon ɓalle maka ƙofa ko yaye kwano. Mai biya shekara-shekara, in dai ba ku rubuta wani abu daban ba, notis ɗin wata 6 ake ba shi, mai biya wata-wata kuma wata 1. In ya cika a ƙara na kwana 7, sannan a tafi kotu.

Amma ka binciko yaushe aka yi jinginar. In ka riga ta shiga gidan, dole banki ya mutunta hayarka. In kuwa bayanta Alhaji ya saka ka, ba da yardar bankin ba, to ƙarfinka ya ragu. Ko a hakan ma sai kotu ta yi magana.

Maman Walid:
Mu an yi mana a Daura. Mai gidan ya zo har da hawaye, wai a taimaka masa da kuɗin baɗi ya rage bashi. Maigidana ya ba shi, kuɗin nan har yau. Kada ka ƙara ba kowa sisi sai an nuna maka a rubuce wanda ke da ikon karɓa. Rasit ɗinka fa?

Telan Ƙofar Ƙaura:
Hajiya, Alhaji ba ya ba da rasit, amana ce tsakaninmu. Ta waya dai na tura masa.

Baban Hafsa:
Ai shaida ce babba. Je bankinka su buga maka bayanin asusun watan, ka ɗauki hoton bangon, ka sanar da mai unguwa. In kuɗin lauya ne matsala, ka leƙa ofishin Legal Aid Council nan Katsina. Ka tafi da sauran 'yan hayar.